Wa Za a Aika Wa?

Sunana Malami ɗan Sha'ibu, jikan Takama, kuma gidanmu yana bayan tashar albasa a Birnin Konni. Mu fatoma ne tun zamanin kakana. Baƙon da ya zo sayen albasa daga Kwatano ko Kumasi, wurinmu yake sauka. Mu ba shi ɗaki, mu kai shi ga manoman Galmi da na Dogarawa, mu tsaya masa. Idan na ce wa manomi wannan nawa ne, magana ta ƙare. Ya loda masa kaya ba tare da ya sake duban fuskarsa ba. A kan wannan ne ƙungiyar masu saukar da baƙin albasa ta ɗora ni shugabanta bayan rasuwar mahaifina, na riƙe hatimi da makullin buro, wato ofis, har gemuna ya yi fari.

Gidanmu yana da ƙa'ida guda. Kafin jakar baƙo ta ƙetare zaure, sai an tambaye shi: in ka mutu a hannuna, wa za a aika wa? Takama ne ya kafa ta. A zamaninsa wani falke ya sauka wurinsa da jakuna, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin a san garinsu. Anka yi masa sutura, anka binne shi, kayansa sunka zauna a ɗaki har gara ta cinye su. Takama ya mutu yana tambayar matafiya ko sun san mai irin wannan tsaga a kunci. Tun daga nan babu wanda ya kwana gidanmu bai amsa tambayar ba, kuma ban taɓa ganin falken kirki da ya ji haushinta ba.

A shekarar dubu biyu da tara anka haifa wa ɗana Umar ɗa a Kumasi, anka sa masa sunana. Ɗiyata Hamdiyya, wadda ita da mijinta ke da siber, wato shagon shiga intanet, kusa da tasha, ta ce ba sai na jira direba ya kawo mini hoto ba. Ta buɗe mini wuri a cikin abin nan da ake kira Fesbuk, ta sa hotona da rawani. Kowace Alhamis bayan la'asar nakan je, ta zaunar da ni gaban na'ura, in ga takwarana yana girma. Abin da ya haɗa ni da wurin ke nan, ba wani abu ba.

Wata Alhamis ina zaune ta ce, “Baba, ka yi baƙo.”

Na juya na dubi ƙofa. Ta yi dariya har ta dafa tebur.

“Ba can ba, nan ciki. Wani ne Jibo Kyauta, yana neman ku zama abokai.”

Ta nuna mini hoton wani mutum mai kimanin shekarun Umar, da tabarau baƙi, ya jingina da babbar mota.

“Ya yi sallama?”

“Bai rubuta komi ba. Ba a rubutawa, Baba. Dannawa ake yi.”

“Mutumin ina ne?”

“Ya sa Illela.”

“Wace Illela?”

Ta sake dubawa, ta ce, “Illela kawai.”

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne zai ɗauka tsokana nake yi. Illela biyu ce gare mu. Akwai ta ƙetaren iyaka, cikin Najeriya, wadda kabu-kabu ke kai mutum kafin shayinsa ya huce, kuma ita mutanen Konni ke nufi idan sun ce Illela ba su ƙara komi ba. Akwai kuma ta Adar, can arewa, wadda sai ka yi niyya kake zuwa.

Hamdiyya ta nuna mini wurare biyu na dannawa a ƙarƙashin hoton, ta fassara mini su daga Faransanci. Ɗaya yana cewa tabbatar, ɗaya yana cewa ƙyale.

Na ce, “Ina na ukun?”

“Babu na uku.”

“To wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa saukar da baƙo ba. Ban taɓa ƙyale wanda ya tsaya ƙofata ba. Ban kuma taɓa tabbatar da wanda ban sani ba. Idan na danna, wa zai gani?”

“Kowa. Duk wanda ya buɗe wurinsa zai ga sunanka cikin abokansa.”

“Wato manomin Dogarawa, in ɗansa ya nuna masa, zai ga Malami ɗan Sha'ibu ya tabbatar da wannan mutum.”

“Baba, ba wanda ke ɗaukar abin haka. Ga Bala ya karɓe shi, ga rabin ƴan ƙungiyarku.”

Bala mataimakina ne a ƙungiya, ɗan aminina marigayi. Ni na koya masa yadda ake gane albasar da za ta kai Kwatano ba ta ruɓe ba. Na ga sunansa a jere da na sauran. Sannan na tambaya ko ana iya aika wa mutumin magana. Ta ce ana iyawa. Na ce ta rubuta: Assalamu alaikum. Ni ne Malami. Na ga ka tsaya ƙofata. Wace Illela? Ɗan wa ne kai? In ka mutu a hannuna, wa za a aika wa?

Ta ɗaga hannu daga na'ura. “Don Allah, Baba, a cire ta ƙarshen nan. Mutanen yanzu ba su san ta ba.”

“Zai san ta yau. Rubuta.”

Ta rubuta, ta aika.

Ba a yi mako ba Bala ya same ni a buro, fuskarsa a murtuke. Ya gaishe ni a tsaye, abin da bai saba ba.

“Kawu, mi ka rubuta wa Jibo?”

“Abin da nake faɗa wa kowa.”

“Ka san ko wane ne? Wakilin wani babban mai saye ne a Kwatano. Albasar bana duka yake so ta bi ta hannun ƙungiyarmu. Yanzu ya ce in haka muke tarbar mutane, zai nemi wasu a Malbaza.” Ya ciro takarda da ya sa anka buga masa, ya karanta mini amsar mutumin: “Tsoho, na miƙo maka hannu, ka aiko mini da likkafani.”

Na ce, “Ya iya magana. Amma bai amsa ko ɗaya ba.”

“Kawu, fatan mutuwa ya ɗauka ka yi masa.”

“Mahaifinka ya amsa tambayar nan a zauren Sha'ibu ranar da ya fara zuwa Konni da buhu ɗaya a kansa. Bai mutu ba sai da ya aurar da kai.”

Anka kira taro a rumfar ƙungiya. Ban taɓa ganin ta cika haka ba, ko ranar rabon taki. Buƙatarsu a fili take: in je siber in danna tabbatar, in rubuta wa Jibo ban haƙuri, ko kuwa in sauka daga kujera. Sun faɗe ta da ladabi, na shaida musu wannan. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Alhaji, dannawa ce fa kawai. Ko akuya ta taka wurin sai ya dannu!”

Na ce, “To a kawo akuyar ta shugabance ku.”

Anka yi dariya, har wanda ya yi maganar. Na bari ta lafa, sannan na miƙe.

Na ce musu, ba ni da gona a Galmi, ba ni da mota a kan hanyar Kwatano. Abin da nake sayarwa tun ina saurayi kalma ɗaya ce, kuma ita ce anka rubuta a kan wancan wurin dannawa. Na tuna musu shekarar da wani mai saye ya zo wa mahaifina da takarda daga babban buro, mai hatimi har biyu, ya ƙi faɗin danginsa, mahaifina ya shimfiɗa masa tabarma a waje, ya kai masa tuwo da kansa, amma bai kai shi gonar kowa ba. Na ce ban zagi Jibo ba, ban kore shi ba. Yana nan tsaye ƙofata, ni ma ina nan tsaye, ranar da ya amsa zai shigo. Wanda ke ganin kalmar ta tsufa, ga hatimi, ga makulli.

Na ajiye su a kan tabarma gaban Bala. Wasu sunka ce, haba Alhaji, ba haka muke nufi ba. Haka suke nufi. Na sa takalmina na fita, ba wanda ya biyo ni sai ƙarar kujeru.

Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Da safe ƙafata takan ɗauki hanyar buro da kanta, sai in tsaya wurin mai shayi kamar dama can na nufa. Hamdiyya ta ce mini ranar Alhamis, “Baba, ka rasa kujera saboda abin da ko minti ba ya ci.” Na ce ta nuna mini takwarana. Kafin ta kai gare shi sai da munka wuce ta kan hoton mai baƙin tabarau, yana nan inda yake, da wuraren dannawarsa biyu.

Da albasa ta nuna, Jibo ya iso Konni. Gidan Bala ya sauka. Anka yanka masa rago, anka zaga da shi gonaki. Na gan shi sau ɗaya ya wuce ƙofar gidana a bayan kabu-kabu. Wanda ke tuƙa shi ya nuna ni da baki, shi kuma ya kau da kai. Mutum ne dogo, ya fi hotonsa rama.

Bayan ƴan kwanaki, suna dawowa daga gonakin Dogarawa, babur ɗin da ya ɗauko shi ya yi karo da amalanken shanu. Mai babur ya karye a hannu. Jibo ya bugu a kai, anka kwashe shi zuwa asibiti bai san inda yake ba. A cikin taron da ya yi dafifi a wurin, jakarsa ta ɓace, da salularsa da takardunsa duka a ciki.

Labarin ya same ni a masallaci, na yi masa addu'a tare da jama'a. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Bala ya yi sallama a zaurena. Wannan karon ya durƙusa. Idonsa ya faɗa.

Ya ce mutumin bai farfaɗo ba. Lokotoro, wato likita, ya ce sai an yi masa aiki, kuma yana son wani nasa na jini ya sa hannu, ya kuma zauna da shi. Jandarma sun tambayi Bala danginsa, tun da gidansa ya sauka. Lambar maigidansa na Kwatano tana cikin salular da ta ɓace. Bala ya aika mutane ƙetaren iyaka, sun bi kasuwar Illela rumfa rumfa, sun je wurin masu unguwa, suna neman gidan wani Malam Kyauta. Ba wanda ya san shi.

“A Fesbuk fa?” na tambaya. “Ai abokansa suna da yawa.”

“Kowa ya rubuta Allah ya ba shi lafiya.” Ya sunkuyar da kai. “Kawu, wa za mu aika wa?”

Maganganu da yawa sun zo mini baki, na haɗiye su, domin ɗan aminina ne, kuma bai zo neman wa'azi ba.

Na ce, “Ba baƙona ba ne.”

“Na sani.”

“Bai amsa mini ba.”

“Na sani, Kawu.”

Amma Takama bai kafa tambayar don sauƙin fatoma ba. Ya kafa ta ne don kada a sake binne wani a Konni uwarsa tana can tana ajiye masa tuwo. Mutumin ya ƙi amsawa, gaskiya ne, sai dai har yanzu ƙofata yake tsaye, ban ƙyale shi ba. Na ce wa Bala ya koma asibiti ya zauna kusa da baƙonsa.

Na je siber na ce Hamdiyya ta buga mini hoton a takarda. Ta buga, ta dube ni.

“Ina za ka da shi?”

“Illelar da ba su je ba.”

Na shiga motar ƴan kasuwa a tasha, munka bi ta Tsarnawa, munka miƙa arewa. A Badagishiri na sauya mota. Ƙurar hanya da tumakin da anka ɗaure a ƙafafuna ba su dame ni ba kamar gwiwata. Na isa Illelar Adar rana ta take. Ban nufi buro ba. Mahaifina yakan ce idan kana neman asalin mutum a garin da ba naka ba, ka fara da wanzamai, domin babu ɗan da anka raɗa wa suna ba su taɓa kansa ba. Na sami wani tsohon wanzami a gindin bedi kusa da kasuwa, munka gaisa yadda ya kamata, na ba shi goro, na miƙa masa takardar.

Ya kai ta kusa da ido, ya kai ta nesa. “Wanga tabarau ya ɓoye rabin mutum. Mi ne sunansa?”

“Jibo Kyauta. Ina neman gidan ubansa, Malam Kyauta.”

Wanzamin ya yi dariya har aska ta faɗi daga cinyarsa. “Malam Kyauta! Alhaji, in ka kira ta haka sai ta watsa maka nono. Kyauta mai fura ce, ga rumfarta can. Uban ya rasu yaron yana goye, shi ya sa da ita ake kiransa.”

Na same ta tana dama wa wani direba fura, tsohuwa ƙarama mai ƙarfin hannu. Na jira ta sallame shi. Na faɗi sunana da na ubana da garinmu, sannan na nuna mata hoton. Ta goge hannu a zane kafin ta karɓa.

“Yana da rai?” Abin da ta fara tambaya ke nan.

“Da na baro shi yana da rai.”

“Ina?”

“Konni.”

“Konni? Ya ce mini yana Kwatano. Ya zo har Konni bai iso gida ba?” Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta kira maƙwabciyarta ta tsare mata rumfa, ta ɗaura mayafi. Ba ta yi kuka ba sai da motar ta fita gari.

Ta dangwala yatsa a takardar lokotoro, anka yi aikin. Ta zauna a gefen gadonsa tana kora masa ƙuda, Bala yana kawo abinci. Ni ban sake shiga asibitin ba, aikina ya ƙare a ƙofarsa. Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗar Jibo.

Wata safiya ina zaure ina jan carbi, na ji sallama. Muryar ba ta da ƙarfi. Na amsa, ba a shigo ba. Na leƙa, na ga Jibo a tsaye da farin ƙyalle naɗe a kai, babu tabarau, uwarsa tana riƙe da gwiwar hannunsa, Bala yana bayansu da jaka sabuwa.

Ya ce, “Baba, Jibo ne, ɗan Kyauta mai fura, Illelar Adar. In na mutu a hannunka, ga wadda za a aika wa.”

Kyauta ta ce, “Kai dai ka mutu ka gani, ni da kaina zan tashe ka da mari.”

Na ce, “Ku shigo. A shigo da jakar.”

Da anka sha ruwa, Bala ya gyara zama. Ya ce ƙungiya ta zauna, kowa ya ji kunya, ana son in koma kujerata. Abu ɗaya kawai suke roƙo, don a wanke fuskar kowa: in je siber tare da su ranar Alhamis, in danna tabbatar a gaban jama'a, tun da yanzu na san mutumin har da uwarsa.

Na ce, “Da can kun ce in danna don albasa. Yanzu kun ce in danna don kunya. Mi ne anka rubuta a wurin, baƙo ko aboki?”

“Aboki.”

“To Jibo baƙona ne daga yau. Zan kai shi kowace gona, in ce wannan nawa ne, da bakina, ina duban manomin. Aboki wani abu ne daban. Abokaina ina iya faɗa maka su ba tare da na numfasa ba, mafi yawansu suna maƙabarta, ɗaya daga cikinsu ubanka ne. Wannan yaro jiya-jiya ya ce na aiko masa likkafani. Bari mu ga ƴan damuna tukuna.”

“Kujerar fa, Kawu?”

“Tana hannun wanda kunka ba. Ban ajiye ta don a yi mini ciniki da ita ba. Riƙe ta da kyau.”

Jibo ya yi dariya, ya dafe kai saboda ciwon. “Kada ka danna, Baba. Bar ni nan tsaye. Duk cikin mutanen can, kai kaɗai ka tambaye ni ko ni wane ne.”

Na ce, “Ban nemi izininka ba.”

Hatimi da makulli suna wurin Bala har yau. Albasar bana ta bi ta hannun ƙungiya, Jibo kuma in ya zo Konni ɗakin da ke kusa da zaure yake kwana, kuma ba ya komawa Kwatano sai ya bi ta Badagishiri ya je ya gai da uwarsa, domin na gaya masa in bai je ba zan aika. Ranar Alhamis ina zuwa ganin takwarana, wanda ya fara tafiya. Hoton mai baƙin tabarau yana nan a gefe, yana jira.

Makon jiya Hamdiyya ta ce mini mijinta ya ji Bala a tasha, ya ja wani sabon baƙo daga Kumasi gefe, yana tambayarsa ƙasa-ƙasa wa za a aika wa. Ta tsaya tana kallona, tana jiran abin da zan ce.

Na ce ban ji da kunnena ba, saboda haka ban tabbatar ba.